Binciken Lafiyar Matasa a Batsari da Safana: Gurbin da Masana Hausa Suka Bari

Gabatarwa

Yaron da aka haifa a Batsari ko Safana a shekarar 2008 ya cika shekara 12 a 2020. A watan Fabrairun wannan shekara 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. A watan Afrilu aka kashe mutum 47 a hare-haren da suka shafi Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa. Ranar 11 ga Disamba aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Da shekara ta zagayo, a watan Satumba na 2021, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan biyu, aka kuma hana cinikin dabbobi a kasuwanninsu. A cikin wannan yanayi muryar yaron ta buɗe. Idan kuwa yarinya ce, a cikinsa ta fara ganin al'ada, mai yiwuwa kuma a cikinsa aka ɗaura mata aure har ta yi haihuwar fari.

Waɗannan yara yanzu sun zama samari da 'yan mata da matan aure, kuma su ne za su riƙe gidaje da gonakin yammacin Katsina nan da shekara 10. Duk da haka abin da aka sani game da barcinsu, da cimarsu, da abin da suke haɗiya domin su iya aiki, da abin da yake cin ransu, bai taka kara ya karya ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, rashin tsaro ba shi kaɗai ne ya haddasa wannan giɓi ba. Wani ɓangare nasa matsala ce ta harshe da al'ada, kuma warware ta aiki ne da ya rataya a wuyan masana Hausa, ko da yake sun daɗe suna kallon sa a matsayin sha'anin likitoci.

Inda Alƙaluma Suke Tsayawa

Binciken yawan jama'a da lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Nijeriya sun haihu ko suna da juna biyu, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 29. Binciken shan ƙwaya na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya da manyan laifuka, ya kiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Waɗannan alƙaluma ne masu daraja, kuma duk mai rubutu a kan lafiyar matasa yana dogaro da su.

Sai dai an tsara irin waɗannan bincike ne domin su yi magana a kan ƙasa da shiyya da jiha, ba su da ikon faɗin abin da yake faruwa a ƙaramar hukuma guda. Matsakaicin adadi na Jihar Katsina yana cuɗa yarinyar da take zuwa makaranta a cikin birni da wadda ta shekara tana kwana a cikin dawa saboda tsoron farmaki, ya fito da wata yarinya ta uku wadda babu ita a ko'ina. Bayan haka, tambayoyin kai-tsaye daga mai shekara 15 suke farawa, saboda haka 'yan shekara 10 zuwa 14, wato masu shiga balaga, babu muryarsu a ciki. Hatta yawan jama'ar da ake auna komai a kansa tsoho ne. Ƙidayar 2006 ce ta ƙarshe, wadda ta ba Batsari mutum dubu 200 da ɗoriya, Safana kuma dubu 180 da ɗoriya, tun kafin ƙauyuka su watse, wasu su koma hedikwatar ƙaramar hukuma, wasu birnin Katsina, wasu su tsallaka yankin Maraɗi.

Ƙananan binciken da ɗalibai da malaman jami'a suke yi kuwa, galibinsu a makaranta ko a asibiti ake raba takardun tambayoyinsu, domin nan ne aka fi samun matasa a tare wuri guda. A Batsari da Safana wannan hanya tana tsame waɗanda suka fi buƙatar a ji su. Bayan abin da ya faru a Ƙanƙara gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana, kuma iyaye da yawa na ƙauyukan bakin daji sun daina tura 'ya'yansu nesa da gida. Wanda aka tarar a aji shi ne wanda ya tsira da karatunsa. Wanda aka tarar a asibiti kuma shi ne wanda ya sami kuɗin mota da hanya mai biyuwa. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata 6 na farkon shekarar. Shirye-shiryen yaƙi da tamowa 'yan ƙasa da shekara 5 suke aunawa, kuma haka ya dace, amma uwar da ta goyo yaron, wadda a wannan shiyya sau da yawa ba ta kai shekara 20 ba, ita ma jikinta bai gama girma ba, kuma ba kasafai lissafi yake bi ta kanta ba.

Wane ne Matashi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware shekara 10 zuwa 19 a matsayin zangon tashen balaga, ta kuma haɗa 10 zuwa 24 a rukunin masu tasowa. Manufar matasa ta Nijeriya ta 2019 ta ɗauki shekara 15 zuwa 29. Bahaushen ƙauye kuwa da matsayi yake rarrabe mutane, shekaru suna biyo baya. Yana da yaro da yarinya, da saurayi da budurwa, da ango da amarya, da magidanci da matar aure, da bazawara, da tuzuru, da gwauro. Ranar da aka kai yarinya mai shekara 15 ɗakin miji ta bar sahun 'yan mata, ta zama matar aure, komai ƙanƙantarta.

Wannan bambanci yana da tasiri kai-tsaye a kan sakamakon bincike. A ɗauka mai bincike ya isa wani ƙauye na gundumar Runka ko Ruma, ya roƙi mai unguwa ya tara masa matasa. Waɗanda za su hallara a ƙofar gida maza ne, wasunsu sun haura shekara 30, domin a bakin jama'a kalmar matasa ta fi karkata ga maza majiya ƙarfi. Idan ya ce a kira 'yan mata, marasa aure za a kawo masa. Amarya mai shekara 16 da take cikin gida da cikin fari, da ƙaramar bazawarar da aka kashe mata miji a gona, babu kalma ɗaya daga cikin biyun nan da za ta fito da su. Alhali kuwa su ne suka fi fuskantar haɗarin doguwar naƙuda da ƙarancin jini da jijjiga. Mai binciken zai koma da takardu cike, ya rubuta cewa ya tattauna da matasan ƙauyen, bai san cewa kalma guda ta ɓoye masa rabin mutanensa ba. Kuskuren ba na lissafi ba ne, don haka babu manhajar kwamfuta da za ta gano shi. Mai nazarin ma'anar kalmomi da tsarin zamantakewar Hausawa ne zai hango shi tun kafin a fita fili.

Kalmar da Ake Tambaya da Ita

Ma'aunan da ake gwada lafiyar ƙwaƙwalwa da su, kamar mai tambaya 20 na Hukumar Lafiya ta Duniya, da mai tambaya 9 da aka fi amfani da shi wajen gano ciwon damuwa, da Ingilishi aka tsara su. Abin da aka saba yi shi ne a fassara su zuwa Hausa, wani ya sake mayar da fassarar Ingilishi, idan ta yi daidai da asali sai a ce ma'auni ya inganta. Wannan hanya tana tabbatar da cewa mafassara biyu sun fahimci juna. Ba ta tabbatar da cewa saurayin Wagini ko budurwar Zakka sun ji abin da ake nufi ba.

Kalmar damuwa ta isa misali. Da ita ake fassara sunan ciwon da likitocin ƙwaƙwalwa suke nema, amma a bakin manomi rashin taki damuwa ne, bashi damuwa ne, ciwon ɗan'uwa ma damuwa ne. Wanda aka tambaya ko yana da damuwa, ko dai ya amsa da i domin babu mai rai da ba shi da ita, ko ya ce alhamdu lillahi domin ƙorafi a gaban baƙo rashin godiya ne. Duka amsoshin biyu ba su auna ciwo ba. Hausa tana da baƙin ciki, da ɓacin rai, da ƙunci, da yawan tunani, da fargaba, da firgita, da razana, da faɗuwar gaba, da zullumi, kuma kowace da muhallinta. Yarinyar da take zabura cikin dare tun bayan da aka sako ta daga daji, iyayenta za su iya cewa firgita ce, ko iska ce ta shafe ta, ko sammu aka yi mata. Sunan da suka zaɓa shi zai nuna inda za a kai ta, ko wurin malami a yi mata rubutun sha da ruƙiyya, ko wurin mai magani, ko kemis. Idan kuwa takardar tambaya ta ambaci taɓin hankali, ƙofa ta rufe ke nan, domin gidan da aka san da taɓin hankali, auren 'ya'yansa yana wuya.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga sun bi wata hanya. A arewacin Yuganda, cikin sansanonin waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu a yankin Gulu, masu bincike sun fara da tambayar matasan Acholi da masu kula da su sunayen da suke kiran matsalolinsu. Daga kalmomin da suka samu, irin su two tam da par da kumu, suka gina ma'auninsu. Da shi aka gwada wata hanyar jinya ta tattaunawa cikin rukuni ga 'yan shekara 14 zuwa 17, aka buga sakamakon a 2007, ya nuna cewa 'yan mata sun sami sauƙi a fili, samari kuwa ba a ga haka sosai ba. A Zimbabuwe an gina ma'auni mai tambaya 14 daga maganganun Shonawa, ciki har da kufungisisa, wadda ma'anarta yawan tunani, kuma da shi shirin da Dixon Chibanda ya fara a Harare yake aiki, inda tsofaffin mata da aka horar suke zama a kan benci suna sauraron masu damuwa. Babu abin da Acholi ko Shona suka fi Hausa na yalwar kalmomi. Abin da aka yi a can shi ne an zauna an tattara su, an tantance su, kafin a rubuta tambaya ko ɗaya.

Haka lamarin yake a sha'anin ƙwaya. Bayan rahoton BBC na 2018 gwamnatin tarayya ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, hankalin jama'a ya koma kan masu shaye-shaye na birni. Amma saurayin da yake haɗiyar tiramol da safe kafin ya tafi ƙwadagon noma, ko wanda yake sha domin ya iya kwana a faɗake yana gadin gari, bai ɗauki kansa ɗan ƙwaya ba. A wurinsa maganin gajiya yake sha. Tambayar da ta ce masa ko yana shaye-shaye, zai amsa ta da a'a, kuma bai yi ƙarya ba a fahimtarsa. Sunayen ƙwayoyin ma sauyawa suke yi daga gari zuwa gari, daga shekara zuwa shekara, wanda wannan fage ne na masu nazarin sara da karin harshen rukuni.

Kunya da Wanda ya Cancanci ya Yi Tambaya

A kan hanyar da ta tashi daga Katsina zuwa Batsari asibitin Babbar Ruga yake, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara aikin gyaran yoyon fitsari a 1984, wurin da daga baya ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki. Dubban matan da aka yi wa aiki a can shaida ne cewa ciwon da ake jin kunyar faɗa yakan daɗe a ɓoye kafin ya isa gaban likita. Yanzu kuma an sami ƙarin abin ɓoyewa, wato abin da yake samun mata da 'yan mata a hannun masu garkuwa. Ba kowace uwa ce za ta furta kalmar fyaɗe ba. Za a ce an ɓata yarinya, ko an keta mata haddi, ko a ce ta sha wuya a daji a yi shiru. Haka ake sakaya haila da baƙon wata ko fashin salla, ake kiran ɗaukar ciki ɓatan wata, ake kuma tattara cututtuka mabambanta a ƙarƙashin ciwon sanyi.

Masu binciken lafiya sukan rubuta kunya a jerin abubuwan da suka kawo musu cikas, su wuce. Mai nazarin al'ada ya san cewa kunya tana da tsari, tana da waɗanda ake ji wa ita da waɗanda ba a ji wa. Ɗiyar fari da mahaifiyarta akwai nauyi a tsakaninsu, haka amarya da uwar miji. Amma tsakanin jika da kaka akwai wasa, haka tsakanin taubasai, kuma yarinya takan faɗa wa ƙawarta ko yayarta ko ungozoma abin da ba za ta faɗa a gaban uwa ba. Idan aka aiki ma'aikaci namiji ya tambayi amarya game da al'adarta a tsakar gida, uwar miji tana zaune a gefe, amsar da za a samu an san ta tun kafin a tambaya. Zaɓen mai tambaya da wurin zama da wanda zai kasance a kusa, duk hukunci ne na ilimin al'ada, kuma ingancin alƙaluman da za a fitar ya dogara a kansa. Tun a 1981 Murray Last, bisa zaman da ya yi a yankin Malumfashi, ya ja hankalin masana cewa amsar ban sani ba da marar lafiya yake bayarwa abar nazari ce a karan kanta. A bakin yarinyar Safana, ban sani ba tana iya nufin ba kai ne za ka tambaye ni ba.

Amincewa a Ƙasar da Ake Tsoron Infoma

Arewa tana da dalilin ɗari-ɗari da binciken lafiya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu, kuma babban abin da aka yi ta shari'a a kansa shi ne ko iyaye sun san gwaji ake yi. A 2009 aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Ana cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ƙin rigakafin shan-inna na 2003 bai rasa nasaba da wannan tabo ba. Ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa da aka fitar a 2007 sun wajabta neman amincewar wanda za a bincika bayan an fahimtar da shi.

Cika wannan sharaɗi a Batsari da Safana ya fi ƙarfin fassara takarda. Da farko akwai tambayar wanda zai ba da izini. Amarya mai shekara 16, a idon takarda yarinya ce da ake neman sa hannun mahaifinta, a idon gari kuwa izininta yana hannun miji. Saurayin da aka kashe mahaifinsa, yake ciyar da ƙannensa, shi ne babba a gidan. Almajiri kuma iyayensa suna wani gari. Na biyu, a yankin da kalmar infoma ta zama zargin da yake iya jawo asarar rai, baƙon da ya zo yana rubuta sunaye, yana tambayar wa aka sace, nawa aka biya, yana naɗar murya a waya, abin tsoro ne. Wanda aka gani yana zantawa da shi ma yana iya shiga uku. Saboda haka neman sa hannu ko dangwala yatsa, wanda aka tsara domin kare mutum, a nan yana iya jefa shi cikin haɗari. Ana buƙatar lafazin neman izini na baka, cikin Hausar da mutum zai gane cewa yana da damar ƙi ba tare da ya saɓa wa mai unguwa ko hakimi ba, domin abin da ya biyo ta fadar Sarkin Ruma ko ta Yariman Katsina, talaka yakan ɗauke shi umarni ne ko da roƙo aka yi. Tsara wannan lafazi aiki ne na masanin harshe.

Akwai kuma rukunin da ba a cika ambata ba. Matasan Fulani na rugagen gefen Dajin Rugu su ma 'yan waɗannan ƙananan hukumomi ne. Wasunsu an ja su cikin ta'asa tun suna yara, da yawa kuma ba su ɗauki makami ba amma shiga gari ta gagare su saboda zargi. Haka samarin da suka shiga aikin sa-kai, ko rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a watan Oktoba na 2023, sun ga abin da ba a so mai shekarunsu ya gani. Binciken da ya tsallake waɗannan ya bar wurin da ciwon ya fi tsanani, kuma isa gare su yana buƙatar masu jin Fulfulde tare da masu Hausa.

Hujjojin Masu Ganin Akasin Haka

Za a ce wanda yake neman abinci da tsaro ba bincike ne ya dame shi ba. Gaskiya ne takardar tambaya ba ta ƙosar da mai yunwa. Amma kasafin gwamnati da na ƙungiyoyin agaji alƙaluma yake bi, kuma wanda ba a ƙidaya ba, ba a yi masa tanadi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba za ta amfani saurayin Batsari ba matuƙar babu wanda zai iya nuna yawan masu buƙata da irin buƙatarsu.

Za a ce tura ɗalibai yankin ganganci ne. Wannan hujja ce mai nauyi, domin a watan Oktoba na 2023 an sace ɗalibai mata 5 na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga masaukinsu, kuma zaman sulhun da al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana suka yi da 'yan bindiga a 2025 bai zama lamunin rai ga kowa ba. Babu kundin digiri da ya kai ran ɗalibi. Sai dai matakin farko na aikin, wato tattara kalmomi da ma'anoninsu, ana iya yin sa a cikin Katsina da Dutsin-Ma tare da waɗanda suka yi ƙaura, da kuma ɗaliban da asalinsu 'yan yankin ne, masu zuwa gida hutu ba tare da kowa ya ɗauke su baƙi ba.

Za a ce kalmomin gargajiya ba su da daidaito, kuma ɗaukaka su zai ƙarfafa camfi. Tattara abin da mutane suke kira iska ba yarda ba ne cewa iska ce take sa ciwo. Likita yana buƙatar sanin kalmar ne domin ya gane marar lafiyarsa idan ta zo da ita, ya kuma bambance inda take nufin farfaɗiya da inda take nufin razanar da ta biyo bayan tashin hankali.

Daga cikin gida kuma za a ce wannan ba fagen Hausa ba ne. Tarihin fannin bai goyi bayan haka ba. Kundin digiri na uku na Aliyu Muhammad Bunza a Jami'ar Bayero a 1995 a kan magungunan Hausa a rubuce yake, kuma sassan Hausa sun tara kundaye masu yawa a kan wanzanci da ungozomanci da ɗori da bori. A 2017 masana harshe da likitoci suka haɗu suka fitar da jerin kalmomin ƙanjamau da Ebola cikin Hausa da Yarabanci da Ibo. Abin da ya rage shi ne a juyo da wannan ƙwarewa daga bayanin yadda kakanni suka yi magani zuwa ga yadda jikokinsu suke faɗin ciwonsu a yau.

Abin da ya Kamata a Yi

Mataki na farko shi ne sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da sauran manyan makarantun jihar, har da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, su karɓi batutuwan lafiyar matasa a matsayin batutuwan kundi na halal, tare da mai duba aiki na biyu daga fannin lafiya. Kundi guda zai iya tsayawa a kan kalmomin firgici a bakin 'yan gudun hijirar Batsari, wani a kan sakaya zance game da haila da ciki a tsakanin amaren Safana, wani a kan sunayen ƙwayoyi a bakin 'yan ƙwadago da 'yan acaɓa. Daga irin waɗannan kundaye za a iya haɗa ƙaramin ƙamus na Katsinanci da ma'aikacin asibitin karkara zai ajiye a teburinsa.

Na biyu, kwamitocin ɗa'ar bincike na jami'o'i da asibitocin koyarwa su sa masanin Hausa a cikinsu, kada a amince da takardar tambaya ko ta neman izini sai an gwada ta a bakin masu shekarun da ake nufi, maza daban, mata daban, masu aure daban. Na uku, duk mai tambayar yarinya abin da ya same ta a daji ya tanadi wurin da zai tura ta idan maganar ta tayar mata da ciwo, domin tone miki a tafi a bar shi zalunci ne ko da sunan ilimi aka yi shi. Na huɗu, a mayar wa jama'a da sakamakon cikin Hausa, ta rediyo da makarantun Islamiyya da zaurukan masu unguwanni, tun da su ne suka ba da shi.

Kammalawa

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an tambaye shi da harshen da yake ji, ta bakin wanda ba ya jin nauyinsa, a wurin da ba ya tsoron a gan shi. Likita ya san ciwo da maganinsa, masanin ƙididdiga ya san yadda ake ɗibar samfuri. Sanin wanda kalmar matasa take kira da wanda take bari a ɗaki, da bambancin firgita da fargaba, da ma'anar shirun amarya a gaban uwar miji, yana wurin waɗanda suka yi shekaru suna nazarin harshen da al'adar. Yaran da aka haifa a 2008 sun riga sun kai ƙarshen zangon balaga ba a tambaye su ba. Ƙannensu da aka haifa a 2015 yanzu suke shiga, kuma akwai sauran lokacin da za a tsara tambayoyin da za su iya amsawa.